Yadda Aka Shigar da Dutse Cikin Takarda

Duk wanda ya zauna ajin jogarafi a sakandare zai tuna ranar da malam ya raba mana taswirar nan mai cike da siraran layuka masu launin ƙasa, suna kewaye juna kamar shatar ɗan yatsa. Aka ce mu yagi zirin takarda mu shimfiɗa tsakanin wurare biyu, mu yi alama duk inda layi ya ratsa, mu kwashe alamomin zuwa takardar giraf. Da muka haɗa ɗigogin sai ga tudu ya miƙe, ga kwari ya lotsa. Yawancinmu don jarrabawa muka yi, muka kuma manta. Sai da wasunmu suka shiga aikin rubuta manhaja, aka miƙo musu irin layukan nan aka ce su sa kwamfuta ta tayar da tudun a allo, sannan muka fara tambayar wanda ya fara zana su da abin da ya sa shi.

Ma'anar layin ba ta da wuya. Mu dubi kududdufin bayan gari bayan damina ta wuce. Duk lokacin da ruwa ya ja baya yakan bar shata a jikin gaɓa, kuma duk inda shatar nan ta bi tsayinsa ɗaya ne, domin ruwan kwance ba ya karkata. Layin tsayi na taswira shi ne wannan shatar. Inda layuka suka matsu da juna gangaren yana da tsauri, inda suka yi nesa da juna ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce.

Ba mamaki da ya kasance a cikin ruwa aka fara zana shi. Taswira mafi daɗewa da aka sani da irin wannan layi ta kogin Spaarne ce a ƙasar Holan, wadda Pieter Bruinsz ya zana a 1584. Wajen 1730 wani injiniyan ƙasar, Nicolaas Cruquius, ya fitar da taswirar kogin Merwede da layukan zurfi a jere. A Faransa kuma Philippe Buache ya yi wa mashigin ruwan da ke tsakanin ƙasarsa da Ingila irin wannan aiki a 1737, aka buga a 1752. Matuƙin jirgi yana buƙatar sanin zurfin da idonsa ba ya gani, shi ya sa dabarar ta karɓu a wurinsa da wuri. A kan tudu kuwa masu taswira sun daɗe suna zana duwatsu kamar jerin kunyar doya, ba tsayi ba awo.

Wanda yake son ganin ƙasa da tudunta da kwarinta a wancan zamani sai ya sa a gina masa. Daga 1668 Sarki Louis na 14 na Faransa ya sa aka riƙa ƙera masa ƙananan siffofin garuruwansa masu ganuwa, da katako da takarda da siliki, mita ɗaya a madadin mita 600. Yana zaune a fada yana ganin tudun da maƙiyi zai iya girke igwa a kai. Sirrin soja ne a lokacin, yau kuwa kusan guda 100 da suka rage suna gidajen tarihi a Faris da Lille. A Suwizalan wani tsohon janar, Franz Ludwig Pfyffer, ya shafe fiye da shekara 20 yana hawan duwatsu yana awo, har ya kammala siffar tsakiyar ƙasar a 1786. Tana nan a birnin Lucerne. Aiki ne mai kyau, amma ba a naɗe shi a sa a aljihu, ba a kuma yin lissafi da shi.

Lissafin ne ya kawo layin tsayi kan tudu, ta wata hanya da ba wanda ya zata, wato neman sanin nauyin duniya.

Isaac Newton ya nuna cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa. Idan haka ne, zare mai ɗauke da darma irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, in aka rataye shi kusa da babban dutse, ba zai sauka sak ba. Duniya za ta ja shi ƙasa, dutsen zai ɗan ja shi gefe. Wanda ya auna karkatar, ya kuma san girman dutsen da nauyinsa, zai iya kwatanta jan biyun ya fitar da nauyin duniya. Newton kansa ya ɗauka karkatar ta yi ƙanƙantar da ba za ta aunu ba. Nevil Maskelyne, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya ce a gwada. Aka zaɓi dutsen Schiehallion a Sikotilan, mai tsayin mita 1,083, saboda yana tsaye shi kaɗai kuma ɓangarorinsa sun kusa daidaita.

A 1774 Maskelyne ya shafe kimanin wata huɗu a bukkoki a jikin dutsen, cikin hazo da ruwan sama, yana auna taurari daga kudu, sannan daga arewa. Da ya kwatanta tazarar da taurari suka nuna da tazarar da aka auna a ƙasa, sai ya samu bambancin daƙiƙar kusurwa 11.6. Digiri ɗaya yana da irin wannan daƙiƙa 3,600. A zare mai tsawon mita ɗaya, karkatar ɓangarorin biyu a haɗe kwatankwacin kaurin silin gashi ce. Dutse dai ya ja zare.

Saura sanin girman dutsen. 'Yan safiyo suka ci gaba da awo har 1776, suka tara tsayin wurare fiye da 1,000. Aka damƙa tarin alƙaluman ga Charles Hutton, ɗan ma'aikacin haƙar kwal daga Newcastle wanda ya zama farfesan lissafi a makarantar soja ta Woolwich. Hutton ya yanka yankin a takarda zuwa ɗaruruwan ginshiƙai, da niyyar lissafa jan kowanne ya tara. Matsalar ita ce ginshiƙai da yawa ba a auna tsayin komai a cikinsu ba, kuma lambobin sun cika takarda har ido ba ya gane komai. Sai ya ɗauki fensir ya haɗa wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya da siraran layuka. Nan take siffar dutsen ta bayyana, ya kuma samu hanyar ƙiyasta tsayin duk wurin da ya faɗo tsakanin layi biyu.

A 1778 ya fitar da sakamako: duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau huɗu da rabi. Yau mun san sau biyar da rabi ne, kuma ɗaya daga cikin dalilan kuskuren shi ne nauyin duwatsun Schiehallion da ya ƙiyasta ƙasa da yadda yake. Duk da haka ya tabbatar da cewa cikin duniya ba kogo ba ne, akwai abin da ya fi dutsen samanta nauyi sosai, ya ma yi hasashen ƙarfe ne. Abin da ya fi jan hankalinmu mu masu manhaja shi ne yadda ya yi aikin: ya yanka ƙasa gida-gida, ya ba kowane gida lamba, ya cike gurbin da babu awo daga maƙwabtansa. Abin da kwamfutocinmu ke yi ke nan yau, illa shi da hannu ya yi.

Dabarar ba ta karɓu nan da nan ba. Jean-Louis Dupain-Triel ya fitar da taswirar Faransa mai layukan tsayi a 1791, amma hafsoshin soja sun fi son gajerun zane-zanen da ke bin gangare, waɗanda Johann Georg Lehmann ya tsara ƙa'idarsu a 1799: inda gangare ya yi tsauri sai zanen ya yi kauri ya yi duhu. Ido yana ganin dutse nan take, sai dai ba ya samun lamba. Layin tsayi kuwa yana ba da lamba, amma sai an koya wa mutum karanta shi. Shahararriyar taswirar Dufour ta Suwizalan, wadda aka buga tsakanin 1845 da 1865, da gajerun zanen aka yi ta. Wadda ta gaje ta daga 1870, taswirar Siegfried, layukan tsayi ta ɗauka. A tsakanin nan zamanin jirgin ƙasa ya zo, kuma injiniyan da zai shimfiɗa dogo ko ya haƙa magudana lamba yake nema.

Ƙarni na 20 ya zo da jirgin sama. In aka ɗauki wuri ɗaya hoto daga wurare biyu, aka nuna wa kowane ido nasa, ƙwaƙwalwa takan haɗa su ta ga zurfi, kamar yadda idanunmu biyu ke yi kullum. Da wannan aka riƙa zana layukan tsayi daga ofis. A Yaƙin Duniya na Biyu masu ƙera siffofi a sansanin Medmenham na Ingila sun riƙa yanka allo bisa kowane layi, su jera wani kan wani, su shafe da filasta, a nuna wa matuƙa jirgi kafin su tashi. Bayan yaƙin, a 1946, Birtaniya ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, kuma ta wannan hanya ta hoton sama aka zana da yawa daga taswirorin Nijeriya. Shi ya sa tsofaffin takardun da aka raba mana a aji suke ba da tsayi da ƙafa.

A 1958 Charles Miller da abokin aikinsa Laflamme na jami'ar MIT a Amurka suka bayyana yadda za a adana siffar ƙasa a matsayin lambobi cikin kwamfuta, don tsara manyan tituna. Daga nan hanyoyi biyu suka kafu. Ta farko ita ce a shimfiɗa wa ƙasa gidaje kamar na dara, kowane gida da lambar tsayinsa. Ta biyu ita ce a haɗa wuraren da aka auna uku-uku su zama alwatika, bisa ƙa'idar da masanin lissafi na Rasha Boris Delaunay ya wallafa a 1934. Kwamfuta sai ta duba inda kowace alwatika ta fuskanta, ta haska wadda ke kallon haske, ta duhunta wadda ta juya baya. Bisa al'ada hasken daga sama ta hagu ake kawo shi. In aka kawo shi daga ƙasa, idon mutane da yawa sai ya ga tudu ya koma rami.

Wanda ya taɓa tayar da tudu daga layukan tsayi ya san inda gizo ke saƙar. Layin ba ya faɗin komai game da abin da ke tsakaninsa da na gaba. In tazararsu ƙafa 50 ce, wato kimanin mita 15, kwazazzabo mai zurfin mita 10 zai iya ɓacewa ɗungum. Ƙololuwar tudu takan fito a baje kamar faifai, domin babu lamba a saman zoben ƙarshe, gangare kuma ya fito kamar matakalar bene. Sannan akwai ƙarin gishiri da muke yi da gangan. Chappal Waddi a Jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. In aka ƙera Nijeriya da faɗin mita ɗaya, tsayinsa kimanin milimita biyu zai zama. Don haka mukan ninka tsayi sau da yawa don a gani, kuma ba kullum muke gaya wa mai kallo mun ninka ba.

A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya shafe kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada mai eriya biyu, ɗaya a cikin kumbon, ɗaya a ƙarshen sanda mai tsawon mita 60. Su ma idanu biyu ke nan. Ya auna kusan kashi 80 cikin 100 na doron ƙasa, kowane gidan dara kimanin mita 30. Amma da aka zo rabawa, Amurka kaɗai aka saki nata a haka, sauran duniya aka ba ta mai gidan mita 90. Sai a Satumbar 2014 aka fara sakin cikakken, aka kuma fara da Afirka. Daga lokacin nan aiki ya juya: da daga layuka ake tayar da tudu, yanzu daga lambobin sama ake fitar da layukan, kuma ɗalibi a Kano ko Damagaram zai iya sauke su kyauta ya juya tsaunukan Jos a allonsa.

Sai dai rada saman bishiya da rufin gida take gani, kuma kuskurenta a tsayi yakan kai mitoci. A Suwizalan wannan ba ya ɓata siffar dutse. A fadamun Haɗeja da Nguru, ko a Maiduguri inda ruwan madatsar Alau ya mamaye unguwanni a Satumbar 2024, mita ɗaya ita ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira. Hoto mai kyan gani a waya yana iya nuna unguwa a kan tudu alhali a kwari take. Saboda haka duk wanda aka nuna wa irin wannan hoto don a sayar masa da fili ko a kwantar masa da hankali, yana da haƙƙin ya tambayi inda lambobin suka fito, shekarar da aka auna, da girman kuskurensu.

Holan, inda Bruinsz ya ja layinsa a 1584, tun ƙarshen shekarun 1990 take auna ƙasarta kaf da hasken leza daga jirgin sama, kuskuren bai wuce 'yan santimitoci ba, tana maimaitawa bayan 'yan shekaru, ta kuma saki bayanan ga kowa. Ruwa ne ya tilasta musu. Mu ma ruwan yana zuwa duk damina, kuma irin wannan awo ne garuruwanmu na bakin kogi suke buƙata kafin a yanka sabbin filaye.