Gwajin jini a bayan gida: me sakamakon ke nufi ga mai rikicewar hanji?

Gwajin FIT, wanda ake iya yi a gida, yana gano ɓurɓushin jinin da ido ba ya gani a cikin bayan gida. A Ingila hukumar lafiya ta NHS na aika kayan gwajin ta gidan waya ga masu shekara 50 zuwa 74 duk bayan shekara biyu, a Amurka kuwa an sauko da shekarun fara bincike zuwa 45 a 2021.

Ganin jini ba hukuncin sankara ba ne. Mafi yawan waɗanda gwajin ya nuna musu jini ba su da ita. Basir, tsagewar dubura, kumburin hanji ko ƙananan tsiro a bangon hanji kan jawo hakan. A ƙasashenmu atuni da tsutsotsin ciki ma suna cikin lissafi.

Inda mutane ke kuskure shi ne ɗora laifin kan ciwon rikicewar hanji da likitoci ke kira IBS. Ciwon na sa murɗawar ciki, kumburi, gudawa ko taurin bayan gida, amma ba ya zubar da jini. Sake gwajin da fatan ya fito lafiya ma yaudarar kai ce, domin tsiro ba kullum yake zubar da jini ba.

Matakin da ya dace shi ne ganin likita domin leƙa babban hanji da na'ura mai kyamara, musamman idan akwai ramewa, ƙarancin jini ko tarihin sankarar hanji a dangi. A Najeriya wannan na'ura ta fi samuwa a asibitocin koyarwa da na kuɗi na manyan birane, kuma galibi majinyaci ne ke biya daga aljihunsa.