Rubutun Bincike da Nazarin Adabi a Manyan Makarantu: Daga Cike Gurbi Zuwa Kafa Hujja

Rubutun bincike a fagen adabi shi ne aikin da ɗalibi ke ɗaukar wani matani, ko waƙa ce ko ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo, ya yi masa wata tambaya, sannan ya amsa ta da hujjojin da ya zaƙulo daga cikin matanin da kuma ayyukan magabata. A sassan Hausa na jami'o'i, irin su Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da kuma kwalejojin ilimi, wannan aiki yana farawa da jingar aji mai shafuka kaɗan, ya ƙare da kundin kammala karatu wanda galibi ake tsara shi babi biyar. Kundin yana da matsayi na musamman, domin shi ne karo na farko da ɗalibi zai tashi daga karɓar ilimi ya koma samar da shi. Darajarsa ba ta rataya a kan yawan shafuka ko cikar kanun babi ba. Ta rataya ne a kan abu guda: ko ɗalibin ya yi wata magana tasa game da matanin, kuma ya iya tabbatar da ita.

Daga batu zuwa tambaya

Matakin farko shi ne zaɓen batu, kuma a nan ne yawancin rauni ke samo asali. Take irin "Nazarin littafin Shaihu Umar" ya ambaci abin da za a duba, amma bai faɗi abin da ake nema ba. Wanda ya shiga aiki da irin wannan take ba shi da ma'aunin da zai rarrabe abin da zai ɗauka da abin da zai bari, saboda haka yakan ƙare da sake ba da labarin littafin daga farko zuwa ƙarshe.

Tambaya ce ke gyara wannan. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a ƙarƙashin jagorancin Rupert East, an gina shi ne a kan malami da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa da bakinsa. Amma cikin abin da yake bayarwa akwai al'amuran da suka faru yana jariri, da wahalhalun da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa, waɗanda bai gani da idonsa ba. Daga nan tambaya za ta iya fitowa: ta yaya marubucin ya sa mai karatu ya amince da mai ba da labarin a wuraren da ba shi ne ganau ba, kuma me matsayinsa na malami ya ƙara wa yadda aka kalli bauta a littafin? Wannan tambaya tana da iyaka, tana da amsa a cikin shafukan littafin, kuma masu nazari biyu za su iya saɓa wa juna a kanta. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne alamar tambayar da ta isa a gina kundi a kanta.

Bitar ayyukan da suka gabata

Babi na biyu a yawancin kundaye shi ne bitar ayyukan da suka gabata. Manufarsa ita ce a nuna inda magana ta tsaya kafin ɗalibi ya sa baki. Nazarin adabin Hausa yana da magabata masu yawa: littafin Mervyn Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, da Rabe-raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo na 1984, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya na 1988, da littafin Graham Furniss na 1996 a kan waƙa da zube da al'adun yayi. Bayan waɗannan akwai kundaye da maƙalu da ke jibge a ɗakunan karatu na sassa.

Abin da aka saba gani shi ne jeri: wane ya rubuta kaza, aikinsa ya yi kama da wannan ta fuskar kaza, ya bambanta da shi ta fuskar kaza. Jeri irin wannan yana nuna cewa ɗalibi ya ga littattafan, amma bai nuna ya karanta su ba. Bita ta ƙwarai tana tara ayyukan ne bisa ra'ayoyinsu, ta nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Mai nazarin littattafan soyayya na Kano, alal misali, ba zai wadatu da ambaton sunaye ba. Dole ya bayyana muhawarar da aka tafka a shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya soki ingancin waɗannan littattafai, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su a matsayin madubin sauyin al'umma da hanyar yaɗa karatu. Sai ɗalibi ya fahimci abin da kowane ɓangare ya dogara da shi, sannan zai san gurbin da nasa aikin zai shiga. Hujjar ci gaba da bincike daga nan take fitowa. Cewa ba a taɓa nazarin wani littafi ba dalili ne mai rauni, domin ba kowane abin da ba a taɓa ba ne yake da amsar da ake bukata.

Tabbatar da matani

Kafin a yi sharhi a kan matani, wajibi ne a san wane matani ake magana a kai. A rubutun zube wannan yana nufin ambaton bugun da aka yi amfani da shi, domin shafuka da ƙa'idojin rubutu sukan sauya daga bugu zuwa bugu. A rubutacciyar waƙa lamarin ya fi haka wuya. Waƙoƙin ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, da ajami aka rubuta su, kuma sun yaɗu ta hannun makwafa, saboda haka kwafi biyu na waƙa ɗaya sukan bambanta a kalma ko a jerin baitoci. Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda makaho ne, ta rayu a bakin masu rerawa kamar yadda ta rayu a takarda. Mai nazari yana bukatar ya faɗi kwafin da ya ɗauka, da inda ya same shi, da dalilin fifita shi.

A waƙar baka kuwa babu matani tsayayye. Mamman Shata yakan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, ya ƙara ɗiya, ya rage wasu, ya sako sunayen waɗanda ke wurin. Wanda ya juyi faifai guda ya kira shi "waƙar" ya ɗauki rerawa ɗaya ce kawai daga cikin masu yawa. Haka kuma waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo cike suke da karin harshen ƙasar Sakkwato da Zamfara. Idan mai juya su zuwa rubutu ya mayar da su daidaitacciyar Hausa, ya shafe wani ɓangare na abin da ya zo nazari. Saboda haka ake son a sa cikakken matanin a rataye, a bayyana lokacin da aka ɗauke shi da wurin, a kuma ambaci mutanen da aka yi hira da su don warware kalmomi masu wuya.

Amfanin gadon nazari da iyakarsa

Malaman Hausa sun yi babban aiki wajen shimfiɗa hanyoyin nazari da harshen Hausa. Ɗangambo ya tsara gadon feɗe rubutacciyar waƙa, wanda ya sake fitarwa a 2007 da sunan Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, inda ake maganar turke da tubalan gininsa. Isa Mukhtar ya yi makamancin haka ga ƙagaggun labarai. Albarkacin waɗannan ayyuka, ɗalibi yana da kalmomin aiki: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, kari da amsa-amo, kamantawa da siffantawa da mutuntarwa. Ba ƙaramin ci gaba ba ne a ce ana iya tattauna fasahar waƙa tun daga tushe har reshe ba tare da aron harshe ba.

Matsala tana tasowa ne idan aka ɗauki gadon a matsayin ƙarshen aiki. Sai a ga ɗalibi ya buɗe kanu, ya kawo ma'anar kamantawa, ya jera baitoci uku, ya wuce zuwa siffantawa, ya maimaita haka har babi ya cika. Ya nuna cewa akwai kamantawa a waƙar, alhali kusan kowace waƙa tana da ita. Abin da bai nuna ba shi ne aikin da kamantawar ta yi a wurin. Makaɗin fada da ya kwatanta sarki da giwa ko zaki, ya kwatanta abokin adawarsa da ƙaramar dabba, yana gina matsayi ne tsakanin mutane biyu a gaban jama'a, yana haɗa yabo da zambo a numfashi ɗaya. Nazari yana farawa ne daga lokacin da aka tambayi dalilin zaɓen wannan dabba, da wurin da ta faɗo a cikin waƙar, da abin da masu sauraro na wannan fada za su ji idan an ambace ta.

Akwai masu ganin cewa ɗalibin digirin farko bai kai matsayin kafa ra'ayi ba, don haka ya fi masa alheri ya bi gado sau da ƙafa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin wanda bai iya rarrabe jigo da taƙaitaccen labari ba, ba zai iya jayayya a kan ma'anar littafi ba. Sai dai ra'ayin da ake nema a wannan mataki ba sabuwar mazhaba ba ce. Magana ce ƙarama mai iyaka, kamar a ce labaran da aku ke bayarwa a littafi na farko na Magana Jari Ce dabara ce ta jinkirta Musa, wanda ake ba labaran, daga fita, don haka tsarin littafin kansa yana tabbatar da ƙarfin magana. Ɗalibin da ya iya bin labaran ya nuna haka, ya yi amfani da gadon, kuma ya wuce shi.

Ginin hujja a sakin layi

Hujja a nazarin adabi tana da sassa uku: da'awa, da misali daga matani, da sharhin da ke haɗa su. Kashi na uku ne aka fi sakaci da shi. Ɗalibi yakan kawo dogon tsakure ya bar shi tsaye, yana zaton zai yi magana da kansa. Ƙa'ida mai amfani ita ce sharhi ya fi tsakuren tsawo, ya nuna kalmar ko jimlar da da'awar ta dogara da ita. Haka kuma wajibi ne a kawo misalan da suka saɓa wa da'awar, a yi bayaninsu. Mai cewa littattafan Balaraba Ramat Yakubu suna sukar zaluncin maza a gidan aure, dole ya dubi matan da su ma suke cutar da 'yan'uwansu mata a cikin labaran. Yin haka yakan sa da'awar ta ƙara daidaita, ta koma magana a kan tsarin zaman gidan baki ɗaya.

Amana da harshe

Ambaton madogara wani ɓangare ne na hujja, domin shi ke ba mai karatu damar komawa ya bincika da kansa. Al'adar karatun zaure ta san wannan tun da daɗewa, inda ake danganta magana ga littafinta da malamin da aka ji ta daga gare shi. Satar fasaha, ko ta kwafe tsohon kundi ce, ko ta ɗebo rubutu daga intanet, ko ta sa wani ya rubuta a biya shi, tana karya wannan amana. Illarta ba ta tsaya ga horon da makaranta za ta yi ba. Kuskuren da ke cikin kundi ɗaya yakan yi ta yawo daga kundi zuwa kundi har ya zama kamar tabbataccen ilimi, saboda babu wanda ya koma ga asali.

Harshen kundin ma abin kula ne. Wanda ke nazarin fasahar Hausa ya kamata ya kiyaye ƙa'idojin rubutunta: haruffa masu lanƙwasa, da raba kalmomi da haɗe su, da daidaita jinsi da adadi. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna taimakawa wajen tabbatar da ma'anar tsofaffin kalmomi. Jimla gajera mai ɗauke da ma'ana ɗaya ta fi doguwa mai tarin kalmomin da ba su ƙara komai ba.

Abin da ya rataya a wuyan malamai

Ɗalibi yana rubuta abin da ya san za a ba shi maki a kansa. Idan ma'aunin mai duba aiki shi ne cikar kanu da yawan shafuka, abin da zai samu ke nan. Gyara yana farawa ne daga jingar aji tun shekarar farko: a ba ɗalibi baiti biyar ko shafi ɗaya na labari, a nemi ya faɗi abu guda game da shi ya kare shi a shafi biyu, a mayar masa da aikin da gyara, ya sake rubutawa. Yawan ɗalibai da ƙarancin littattafai suna sa wannan ya yi nauyi, amma gajeren aiki da aka duba da kyau ya fi dogo da ba a karanta ba. A wajen amincewa da take, mai dubawa yana iya ƙin karɓar duk wanda ba a iya mayar da shi tambaya. A ranar kare kundi kuma, tambayoyi uku sun isa su auna aikin: me ɗalibin ya gano, a wane shafi ko baiti hujjarsa take, kuma me zai ce wa wanda ya karanta matanin ya fahimce shi ta wata fuska dabam.