Mahaɗar Layukan Taswira a Ƙasar Sakkwato

Mahaɗar layuka ita ce wurin da layin kwance na taswira ya gitta layin tsaye a kan cikakken digiri, babu ragowar minti ko daƙiƙa. Wadda ta fi kusa da birnin Sakkwato ita ce ta digiri 13 arewa da 5 gabas. Daga unguwar Tudun Wada ba ta kai kilomita 30 a miƙe ba, yamma da birni, ta wajen Wamakko.

Awon matsayin birnin na farko da aka rubuta na Kyaftin Hugh Clapperton ne, Baturen da aka sani da Abdullahi, wanda ya iso Sakkwato a Maris na 1824. Ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awonsa, ya kuma tarar Sarkin ya san sunayen buruji da Larabci. Clapperton ya ajiye birnin a kan 13°4′52″ arewa da 6°12′ gabas. Na farkon ya dace ƙwarai da awon yau. Na biyun kuwa ya kauce da kusan digiri guda, domin Sakkwato na wajen 5°14′ ne. Wato ya tura birnin kusan kilomita 100 gabas. Ba sakaci ba ne. Layin kwance ana samunsa daga tsayin rana da tsakar rana, amma na tsaye sai da sahihin agogo ko dogon lissafin wata. Saboda haka tsofaffin taswirori ba abin dogaro ba ne wajen layin tsaye.

Layukan sun shiga rayuwar talaka ne lokacin rabon ƙasa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Baruwa a gaɓar Tafkin Chadi. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta sauya shi: aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, har inda ya sake haɗuwa da layin digiri 14. Daga nan iyaka ta bi layin gabas mil 70, ta gangaro kudu zuwa 13°20′. A Faris aka yi wannan zane, kusan shekara biyar kafin sojojin Ingila su ci Sakkwato a Maris na 1903. Masu zanen ba su tambayi inda rijiyoyi suke ba. Bakan ya haɗiye Birnin Ƙonni, ya bar wa Faransawa hanyar Damagaram ta cikin ƙasar da babu ruwa. Suka yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904, aka daidaita a 1906, Ƙonni da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamomin iyaka guda 148. Nan ne layin takarda ya sauka ƙasa, ya raba dangi tsakanin Illela da Ƙonni.

Zuwa mahaɗa don sha'awa kawai sabon abu ne. Wani Ba'amurke, Alex Jarrett, ya fara shi a Fabrairun 1996, da ya hau keke sannan ya ƙarasa da ƙafa cikin dajin New Hampshire zuwa 43 arewa, 72 yamma, riƙe da na'urar GPS. Daga nan aka sami Degree Confluence Project, wanda ƙa'idarsa ita ce mutum ya kusanci wurin da mita 100 ya ɗauki hoto. Harkar ta yi sauƙi bayan Mayun 2000, da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan. Mahaɗu 64,442 ne a duniya, mafi yawansu cikin teku.