Gandun Abzin da Tenere: Tarihin Wani Wuri da Duniya Ta Shaida

A arewacin Jamhuriyar Nijar, gabas da Agadas da arewacinta, duwatsun Abzin suke tsaye kamar tsibiri a tsakiyar Sahara. Saboda tudunsu da ɗan ruwan da ke taruwa a kwazazzabansu, itatuwa da dabbobin da hamada ta kora daga wasu wurare suka sami mafaka a nan: ragon dutse, barewa, jimina, zaitun daji, har da dangin gero da dawa na jeji. Ta gabas kuwa rairayin Tenere ne, mazaunin wani farin gwanki mai murɗaɗɗun ƙahoni da ake kira adaks, wanda yakan daɗe bai sha ruwa ba.

Binciken da masana suka gudanar tare da ƙungiyoyin WWF da IUCN shi ya bayyana darajar wurin. A 1988 gwamnatin Nijar ta ayyana shi gandun ƙasa mai faɗin hekta miliyan 7.7, ta kuma keɓe kusan kashi ɗaya cikin shida nasa domin adaks kaɗai. Ba a kori Abzinawa makiyaya da masu lambuna daga sauran yankin ba, kuma a ganina wannan shi ne mafi hikimar abin da tsarin ya ƙunsa. A 1991 hukumar UNESCO ta shigar da gandun cikin jerin wuraren gadon duniya.

Murnar ba ta daɗe ba. Tawayen Abzinawa ya riga ya ɓarke, aikin tsaron gandun ya tsaya, kuma a 1992 aka mayar da sunansa cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ko da aka sanya hannu kan yarjejeniyar sulhu a 1995, mafarauta masu motoci da bindigogi sun kusa ƙarar da jiminar Abzin. Sunan ya shafe fiye da shekara talatin a wannan jeri.

Adaks ma ya ɓace daga yankin da aka keɓe masa. Ragowarsa ta koma kudu maso gabas, wajen Termit da Tin Tumma, inda aka kafa wani sabon gandu a 2012, a maƙwabtaka da rijiyoyin man fetur. Da masu ƙidaya suka zagaya yankin ta sama da ta ƙasa a watan Maris na 2016, guda uku kacal suka gani.