Wa Ake Ƙirgawa? Ƙidayar Lafiya a Birnin Kano Daga Kundin Haraji Zuwa Wayar Hannu

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wariyar da ake kuka da ita a binciken lafiya na zamanin kwamfuta tana da dogon tarihi a Kano. Za mu ɗauki unguwar Koki a matsayin misali, domin unguwa ce ta fatake da malamai da baƙi, kuma a nan zuriyar Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta yi kaka-gida.

Ƙidayar Farko

Tun a 1851 Heinrich Barth ya ƙiyasta mazauna birnin Kano sun kai 30,000, ya kuma lura cewa adadin yakan ninka a lokacin fatauci. Ya ambaci Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Larabawa. Wato tun can birnin ba na jinsi ɗaya ba ne, kuma yawan jama'arsa yana hawa da sauka bisa ga yanayin shekara.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, ƙidaya ta zama abokiyar haraji. Mai unguwa yakan rubuta baligai maza, domin su ne masu biya. Matan kulle kuwa suna bayan zaure, inda baƙon namiji ba ya shiga, almajiri da ɗan cirani kuma ba su da tsayayyen gida. Wannan tsari ya gadar da abu biyu: kundi mai giɓi, da jama'a masu ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gida.

Zamanin Na'ura

Wannan ɗari-ɗari ya ƙaru bayan gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ya kuma taimaka wajen dakatar da allurar shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Da aka dawo da aikin, sai aka gane cewa taswirorin hannu da ma'aikata ke bi sun tsallake ƙauyuka da rugage da dama. Daga 2012 aka shiga amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyi masu nuna inda ma'aikaci ya taka. A nan na'ura ta yi rana, gama ta fito da waɗanda takarda ta manta. A 2014 aka ga shan-inna na ƙarshe mai nau'in ƙwayar cutar ta daji a jihar Kano.

Sai dai na'ura tana iya nuna rufin gida ba tare da ta faɗi wanda ke ciki ba. Alal misali, in mai bincike ya bugo waya wani gida a Koki, galibi maigida ne zai amsa, ba matar da ke fama da laulayin ciki ba. In saƙon rubutu ne, da Ingilishi ko boko zai zo, alhali dattijon da ya ƙware a ajami ba zai iya karanta shi ba. Almajirin da ke kwana a zaure kuwa ba shi cikin lissafin kowane gida. Sakamakon binciken zai fito da alƙaluma tsaf, amma hoton magidanta masu ilmin boko ne kawai.

Abin da ya faru a Afrilun 2020 ya isa darasi. Masu haƙa kabari ne suka fara shaida cewa mace-mace sun yawaita a Kano, tun kafin kundin hukuma ya nuna. Yawancin mamatan dattawa ne da suka cika a gida, aka yi musu sutura ba takarda. Sai da aka bi iyalai ana tambaya baki da baki, sa'an nan Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana mutuwar mutum 979, ya danganta rabinsu ko fiye da cutar korona.

Matsalar ba ta tsaya kanmu ba. A shekarar nan ta 2020 wani bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka ya nuna cewa na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa ta fi yin kuskure a kan baƙar fata.

Kammalawa

A nan masana harshe da al'ada suke da abin faɗa. Tambayar da aka tsara cikin Hausar da mutane ke yi, aka aika da murya maimakon rubutu, aka kuma damƙa wa mace mai ikon shiga cikin gida, za ta kai inda waya kaɗai ba ta kaiwa. Wajibi ne kuma kowane rahoto ya bayyana su wa aka tambaya, da wane harshe, su wa aka bari. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadin magani.