Ruwan Tiga da Mutanen Ƙarshen Kanal

Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasar Kura da Bunkure, noman rani sana'ar mai fadama ce kawai: jigo da guga, da 'yan fangalolin albasa da tattasai. Sauran magidanta kuwa da an kai amfani rumbu sai su ɗaure kaya su tafi cin rani. Audu Bako, ɗan sandan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya tsaya kai da fata aka datse Kogin Kano. An fara ginin madatsar Tiga a 1971, aka kammala a 1974, mutane ba su gama farfaɗowa daga farin da ya ƙone gonaki ya kashe shanu ba. A Kadawa aka yi gonakin gwaji, injiniyoyin NEDECO na ƙasar Holan suka zana tsarin, sannan Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamar.

Tsari ne mai kyau, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Babu injin da ke tura ruwan. Gangarowa yake da kansa ta babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya kwana a tafkunan ajiyar dare, da safe a buɗe masa ƙofa, manomi ya sa bututu ya ja zuwa gonarsa. Kadada dubu 22 aka yi niyya a kashin farko, ba a kai ga gyara ta duka ba.

Mu da muka shigo aikin a matsayin malaman gona, alkama aka ɗora mu a kai. Ita gwamnati ke so, don a rage sayo ta daga waje. Alkama kuwa 'yar sanyi ce, in ba a shuka ta cikin Nuwamba ba zafi zai riske ta tana fidda kai. To a daidai wannan lokacin dawa na tsaye a gona, ba ta gama nuna ba. Kai kana riƙe da takarda kana cewa, "Baba, a bar dawar nan, a sa abin da zai tashi da wuri," dattijo na kallonka yana cewa, "Malam, in alkamar ta ƙi, kai za ka ci da iyalina?" Wannan ba taurin kai ba ne, lissafi ne. Dawa ce tuwonsa, karanta ne dangarsa, ganyenta na dabbobinsa. Malamin gonar da ya iya zama a tabarma ya saurara shi ya daɗe ana gaishe shi a ƙauyukan nan. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun rubuta littafi guda a 1985 kan yadda Najeriya ta faɗa tarkon alkama, gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka yi 'yan shekaru ana rububinta, da aka ɗage hanin sai kasuwar ta kwanta.

Manoman da kansu suka samo wa ruwan aikin yi. Shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani. Kura ta cika da injinan casa, mata suka riƙe turara shinkafa a gidaje, Kwanar Gafan ta zama wurin da ake loda kwandunan tumatir zuwa Legas. Ilmin ya fi yawo ta bakin kunya, daga maƙwabci zuwa maƙwabci, fiye da ta ɗakin taro, ko da yake tashar binciken ban ruwa ta Kadawa, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi nata ƙoƙarin wajen gwada iri. A 2016, shekarar da Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, aka koma koyon rainon iri da feshi daga farko.

Amma inda halin mutum ke fitowa shi ne wajen rabon ruwa. Na bakin ƙofa ba ya rasawa. Na ƙarshen kanal shi ke kwana a gona da tocila yana jira. Da shekaru suka ja, laka da kacala suka cike magudanai, wasu suka riƙa fasa gefen kanal ko su toshe shi da buhunan ƙasa, kowa na cewa gyara aikin gwamnati ne. Na san shugabannin manoma iri biyu. Akwai wanda ranar gayyar yasa shi ke fara cire riga ya shiga laka, ya kuma hana ɗan cikinsa ruwa in ba ranarsa ba ce. Akwai wanda sai ranar rabon taki ake ganin babbar rigarsa. Ba sai ka tambaya ba, zaga ƙarshen layinsu cikin Maris ka dubi ganyen shuka.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya yashe kanalolin ya gyara ƙofofi, ya kuma damƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗin ban ruwa su yi gyara da kansu. A ganina wannan ya fi zuba siminti wuya, domin yanzu mai karɓar kuɗin maƙwabcinka ne, wani lokaci ma surukinka, kuma shi aka ɗora wa ya ci tarar attajirin da ya ɓalle makullin ƙofa da tsakar dare.