Ƙauri a cikin mota: yadda za ka gane inda yake fitowa kafin ka isa gareji

Ana gobe zan tuƙa Baba daga Abuja zuwa Legas, domin shanunmu sun riga sun sauka a Oko-Oba da ke Agege, motarsa ta fara ƙauri. Baba ya ce shi ba zai hau hanyar Lokoja da motar da ke warin ƙonewa ba, sai na kai ta Apo, inda gareji-gareji da shagunan kayan gyara suka yi sansani. Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba ya ce kuloci ne, sai an sauke giya. Wani dattijo a gefe ya kira ni ya ce, "Ɗan Alhaji, yaushe kake jin warin, kana tafiya ko in ka tsaya?" Na ce, "Baba, sai na tsaya." Ya haska injin da tocilan, sai ga baƙin mai yana zurarowa daga gasket ɗin murfin saman injin yana ɗiga a kan wuyan salansa. Gasket kawai aka canza, washegari muka kama hanya.

Daga ranar na gane cewa ƙauri iri-iri ne, kuma mai mota ne ya kamata ya fara rarrabe su.

Na baƙin mai shi ne wanda ya same mu. Wari ne mai nauyi, ya fi tashi in ka tsaya bayan doguwar tafiya, wani lokaci da ɗan hayaƙi ta gefen bonet. Ka duba ƙasa inda motar ta kwana, ka zaro sandar gwajin mai. In man bai yi ƙasa ba za ka iya lallaɓawa zuwa gareji, amma kar a bar shi ya kwana biyu, don wuyan salansa yana yin zafin ɗaruruwan digiri. Wani sa'in ma babu yoyo, yaron da ya yi maka juyen mai ne ya zubar a jikin injin bai goge ba.

In ƙaurin roba ne kamar ana babbakar taya, fara da abu mai sauƙi: leda. Sau da yawa leda ce ta manne a salansa tana narkewa. In ba ita ba ce, a duba fanbel. Wanda ya saki ko ya tsufa yakan yi ƙara "ƙiii" da safe ko in an kunna AC. In ya tsinke caji zai tsaya, a motoci da yawa famfon ruwa ma ya tsaya, injin ya ɗau zafi.

Birki da kuloci warinsu kusan ɗaya ne, lokacin zuwansa ne ke raba su. Na kuloci yana zuwa a go-slow ko wajen hawan tudu da kaya, musamman ga mai ɗora ƙafa a kansa ko da yaushe, kuma 'yan'uwanmu na Legas sun san wannan. Alamar ya cinye ita ce ka taka totur injin ya yi ihu amma motar ba ta ja. Na birki kuwa bayan gangara yake zuwa, irin tuddan wajen Okene, ko in ka manta birkin hannu a sama. Ka tsaya ka kusantar da hannu kusa da kowace taya ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. In ɗaya ta fi sauran zafi, birkinta ne ya maƙale. Kar ka watsa ruwa, ƙarfen zai iya lanƙwasa. A gangara kuma ka rage giya maimakon danne birki har ƙasa.

Wanda ni nake tsoro shi ne na waya. Kamar soket ɗin gida ne ya ƙone, yana yaji a hanci, kuma sau da yawa daga cikin mota yake fitowa, ƙarƙashin sitiyari. Wannan ba a cewa bari in ƙarasa. Ka faka, ka kashe mota, kowa ya fita, in babu wuta ka cire kan batir na nagetif, sannan ka nemo mai rewaya. Yawanci namu ne laifin: an jona sifika ko ƙarin fitila kai tsaye ba fiyus, ko fiyus ya ƙone an ɗaure gurbinsa da waya. Fiyus ai don ya ƙone aka yi shi, ya fanshi sauran wayoyin. Ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Abin da aka cire shi za a mayar, in ya sake ƙonewa akwai inda waya ke taɓa bodi.

Warin fetur ma haka, ba a tafiya da shi, ba a kunna sigari kusa. In kuma allurar zafi ta hau, tururi na fita, kar ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce, ruwan zai iya fallatso maka a fuska.

In ka ga harshen wuta ko baƙin hayaƙi daga gaba, kar ka wangale bonet, iska za ta ƙara hura ta. Ka ɗan sake shi kaɗan ka fesa gwangwanin kashe gobara ta kafar. Wannan gwangwanin da muke saya don kawai 'yan Road Safety kar su tare mu, a duba allurarsa tana kan kore, kuma a ajiye shi inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhuna a but ba. In ta fi ƙarfinka ka matsa nesa ka kira 112, ko 122 ta FRSC.

In ka je gareji, ko a Apo ne ko Ladipo ko Ibadan, ka gaya wa bakanike irin warin, da lokacin da yake zuwa, da ɓangaren da ya fi ƙarfi. Ka ce ya nuna maka wurin da idonka kafin ya kwance komai, kuma ka karɓi tsohon kayan da ya cire.